Ɗalibin da Ba Ya Kuskure

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa a makarantun sakandare na Jimeta, kuma in za a bi ta gaskiya, shekara talatin da ɗaya na yi ina shan kaye. Sunana Apollos. Mutumin Numan ne ni, amma a Kano na yi karatun Hausa, na dawo gida da takardar shaida da jan biro da burin gyara bakin mutanen gari guda. Wanda bai taɓa zama a Jimeta ba, ba zai gane girman aikin da na ɗauko wa kaina ba. A nan Bafulatani da Bachama da Kilba da Ibo duk da Hausa suke ciniki, kuma kamar sun haɗa baki, sun kori mace daga cikin harshen. Za ka ji ƙato da gemunsa yana shelar cewa matarsa "ya haihu". Mota "ya lalace", kasuwa "ya tashi", rana "ya faɗi". Na yi faɗa, na yi lallashi, na ƙarar da jan biro ya fi kwali goma. Ranar da na yi ritaya, shugabar ɗalibai mata ta yi mini jawabin ban kwana mai ratsa jiki, ta rufe da cewa makaranta "ba zai manta da ni ba". Na karɓi kyautar agogona na koma na zauna.

Duk cikin waɗanda suka kayar da ni babu kamar Abednego, ɗan ƙanwata Edna. Yaro ne mai kai, lissafi a wurinsa kamar shan ruwa, amma "ki" da "kin" ba su taɓa samun masauki a bakinsa ba. Tun yana ƙarami, in ya dawo daga makaranta, zai tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, ka dafa me?" In ina wurin sai in ja masa kunne, Edna kuwa ta ce in ƙyale mata ɗa, ai ta san da ita yake. Shekara uku ya yi a ajina, sau uku na kayar da shi a jarrabawar nahawu, ba don ƙiyayya ba. Yanzu shekararsa ashirin da tara, yana aikin gwajin jini a wani asibiti a Abuja, kuma har Kirsimetin da ya wuce da ya zo gida, uwarsa "ka" ce.

Edna bandar kifi take yi a unguwar Demsawo. Tun mijinta na da rai take sana'ar, bayan ya rasu ta ci gaba, da ita ta yi wa yaron makaranta. Ganguna huɗu ne a bayan gidanta, kowace da ragar ƙarfe a baki. Da sassafe masunta ke kawo mata tarwaɗa da ragon ruwa daga bakin Binuwai, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera, ta wuni tana juyawa. Da can tebur gare ta a kasuwa. Shekara biyar da suka wuce sai wasu matasan garin nan suka ƙirƙiro wata manhajar waya mai suna Kwalekwale, inda mai kaya ke buɗe shago ba rumfa ba benci. Abednego ya buɗe mata nata, kuma duk zuwansa hutu sai ya ɗauki 'yan bidiyoyi yana riƙe da kifi yana talla da Turanci da Buroka, saboda masu saye na Abuja da Legas.

Ni har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. Mace tana zaune a bayan gida hayaƙi na shiga mata ido, sai wayarta ta yi ƙara, ashe wata ce a Fatakwal, wadda ba ta taɓa ganin Binuwai ba, take son kifi. Ba su taɓa haɗuwa ba, babu wadda ta san dangin wata, babu mai tsaya musu shaida. Waccan ta biya, wannan ta naɗe kifi a takarda ta sa a kwali ta kai tasha, bayan kwana biyu ya shiga tukunyar miya a can ƙarshen ƙasa. Na taɓa tambayar Edna abin da ke riƙe da irin wannan ciniki, ta ce suna ne kawai. A ƙarƙashin hoton shagonta akwai maganganun mutum fiye da dubu biyu, kowa na cewa kifin Mama Edna ba ya zuwa da tsutsa, ba ya zuwa a farfashe. Wannan sunan shi ne shagon gaba ɗaya, ba ta da wani gini da za ta nuna.

Kuma mun ga yadda suna ke mutuwa. Maƙwabciyarta Nkoli tana sayar da kayan yaji a manhajar. Wata rana wasu suka kira ta, suka yi mata daɗin baki har ta karanta musu lambobin sirrin da aka turo wa wayarta. Da lambobin suka shige shagon, suka kulle ta a waje. Kwana uku suna karɓar oda da sunanta ba sa aika ko ƙwayar barkono. Kafin a ƙwato mata shagon, zagi ya cika ƙarƙashin hotonta, har da masu kiranta ɓarauniya. Daga baya an bayyana gaskiya, amma masu saye ba su dawo ba. Nkoli ta koma tebur a kasuwa, ta yi wata biyu ba ta leƙa zumuntar mata a coci don kunya. Tun daga lokacin Edna ke ɗaure wayarta a bakin zane, ko ni ba na taɓawa sai da izini.

Irin wannan ta'asa ce ta sa hukuma ta fito da doka: duk mai sayarwa ta intanet sai an tantance shi, a ga fuskarsa, a ga katinsa na ɗan ƙasa, sannan a sa wa shagonsa koren tambari. Aka ba da wa'adi zuwa ƙarfe huɗu na wata ranar Juma'a. Rediyo ya yi ta faɗa, jita-jita kuma ta yi ta ƙara gishiri, har aka kai ga cewa wanda ya makara za a goge shagonsa da duk abin da masu saye suka rubuta. Edna ba ta taɓa yin komai a cikin manhajar ba sai karɓar oda. Sauran duk Abednego ke yi mata daga Abuja. Ya ce ta bari zai duba, mako ya bi mako bai duba ba, saboda yana shirin wata babbar jarrabawa ta wurin aikinsa.

Ranar Juma'ar ta faɗo cikin zafin watan Maris, irin zafin Yola da ke sa kwalta ta yi laushi. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na hau keke Napep daga gidana a Bekaji na tafi duba lafiyar ƙanwata, wato na tafi cin kifi. Na same ta a gaban gangunanta fuska ba walwala. Tun safe take kiran Abednego, wayarsa a kashe. Ta ɓare mini gefen wata tarwaɗa mai zafi ba tare da ta tsokane ni ba, a nan na gane damuwar ta kai mata.

Ƙarfe biyu da rabi ta ɗan gota sai wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Hannayenta duk man kifi, sai ta juyo mini da gefen zanen ta ce, "Hamma, kwance ka sa a sifika." Hamma shi ne babban wa a bakin mutanenmu na nan, kuma haka take kirana tun tana tatata. Na kwance na danna.

"Mama, ina wuni? Abednego ne. Wayata ta faɗa ruwa, ta abokina na ara."

Muryarsa ce. Ba kama ba ce, ita ce. Abednego yana da wushirya, duk "s" ɗin da zai faɗa sai ta fito da ɗan fito a bayanta, kuma ga fiton nan. Ga yadda yake jan "Mama" kamar mai shirin roƙon wani abu. Edna ta sauke ajiyar zuciya ta ce ina ya shiga tun safe. Ni kuwa wani abu dabam ne ya tsaya mini a kunne. Ya ce wayata, kuma ya ce ta faɗa.

"Kin ci abinci kuwa?" in ji shi. "Na san kina cikin damuwa kan rajistar nan. Ki kwantar da hankalinki, yanzu za mu gama."

Kin, kina, ki, hankalinki. Guda huɗu a numfashi ɗaya, babu wadda ta goce. Ba zan ɓoye ba, hawaye ne ya cika mini ido. Na ce a raina ashe irin da na shuka bai mutu ba, jinkirin tsirowa ya yi. Na matso da wayar bakina na ce kawunsa ne, na ce Hausarsa ta yi kyau ƙwarai, yau wahalata ta biya. Ya ɗan yi jim kafin ya amsa, kamar yadda yake yi kafin kowace amsa tun farkon kiran, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin natsuwar girma. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai mu muka koya musu. Da a lokacin ya ce in ba shi takardun gidana, da na hau keke na ɗauko.

Ya bayyana cewa yana kan shafin rajistar yanzu haka, lokaci ya ƙure, za a turo wa wayar Mama lambobi shida, a karanto masa ya ƙarasa. Bai rufe baki ba saƙon ya shigo. Na sa tabarau. A saman lambobin an rubuta da Turanci cewa kada a faɗa wa kowa. Na karanta gargaɗin sarai, na kuma yanke hukunci a take cewa ɗan cikinka ba ya cikin kowa. Na fara karantowa a hankali, da kyakkyawan lafazi, kamar ina ba da shifta a aji. Na faɗi ta farko, na faɗi ta biyu, ta uku, ta huɗu.

Sai tafin hannun Edna ya sauka a kan fuskar wayar, da mansa da tokarsa, ya rufe sauran biyun.

Ba ta dube ni ba. Ta sunkuyo ta yi tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"Abednego, wa ya haife ka?"

Ɗan jim ɗin nan ya sake zuwa, sannan dariyarsa ta hanci, wadda na sani tun yana ɗan shekara biyar.

"Haba Mama, ai ke ce kika haife ni. Ki bar wasa, lokaci yana ƙurewa."

Ta sa gaɓar yatsa ta kashe kiran.

Na yi faɗa irin wanda rabona da yi tun ina da aji. Na ce yaro ya bar abin da yake yi, ya ari wayar mutane don ya cece ta, ita kuma ta kashe masa waya a kunne. Na ce saura awa ɗaya da 'yan mintoci a goge mata aikin shekara biyar, kuma in an goge kada ta zo mini da kuka. Na ce wace irin uwa ce ba ta gane muryar ɗanta. Ta bari na gama tas, sannan ta goge hannunta a tsumma.

"Hamma, yaro na bai taɓa ce mini 'ke' ba. Kai da bulala naka shekara uku ba ka iya ba. Abuja ne zai iya a wata uku? Murya nashi ne. Baki ba nashi ba ne."

Wayar ta sake ƙara, ta kife ta a kan benci. Ta sake, ta sake. Sannan saƙo ya shigo, na ɗaga na karanta mata don in karya mata zuciya: "Mama, me na yi miki?" Ya kuwa karya ta. Na ga hawaye na bin kumatunta, wannan karon ba na hayaƙi ba. Amma ba ta kira ba. Ta rage wutar gangunan, ta ɗaura kallabi, ta ɗauko katinta daga ƙarƙashin katifa, ta ce in raka ta ofishin masu manhajar a Karewa, in kuwa ba zan je ba ta san hanya.

A cikin keke ina ta tsara yadda zan ba Abednego haƙuri a madadinta.

Ofishin yana saman wani kantin magani. Tun daga matakala muka tarar da cunkoso: masu sayar da zuma, masu turaren wuta, masu ɗinkin huluna, kowa da waya a hannu, wasu na share ido. Wata doguwar mace da tabarau ta fito tana raba mutane, da ta gan ni sai ta yi turus ta rusuna. Chizaram ce, 'yar Anayo mai kayan gyaran mota. A Jimeta aka haife ta, a ajina ta zauna, kuma ita ma jan birona ya san littafinta. Ashe yanzu ita ce shugabar sashen tsaro na Kwalekwale. Ta jawo wa Edna kujera ta ce, "Mama, ka zauna." Na ɗan yamutsa fuska bisa sabo. Edna ta kalle ni ta gefen ido.

Da ta ji labarin, tambaya ɗaya ta yi: lamba nawa muka karanta. Na ce huɗu. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta taɓa wasu maɓallai a kwamfuta, sannan ta ce mu biyo ta ciki.

Ɗaki ne mai sanyi, bango guda duk allon talabijin. A kan allon taswira ce, kuma a kan taswirar ƙananan fitilu ne birjik, kamar ka hango gari daga kan gadar Jimeta bayan an kawo wuta. Chizaram ta ce kowace fitila shago ne. Na tsaya baki buɗe. Ga kasuwar garinmu gaba ɗaya an rataye ta a bango. Duk sanda wani ya yi oda sai wani siririn layi ya taso daga Kano, ko Legas, ko Fatakwal, ya zo ya taɓa fitila ɗaya ta ƙyafta. Na ga wani layi da ya taso daga wajen taswirar ma baki ɗaya, ta ce daga Ingila ne, wani ke son yajin daddawa. Na shekara sittin da biyar a duniya ban san cewa yarda tana da siffar da ido zai iya gani ba, sai ranar.

Amma ba duka fitilun ne fari ba. Wasu sun koma ja. Ta ce tun safe an kira masu shago sittin da uku, kowanne da muryar wani nasa: wannan ɗansa, wannan mijinta, wannan fastonsu. Ashirin da ɗaya sun karanta lambobin har ƙarshe, su ne jajayen, kuma su ne ke kan matakala. Ɓarayin sun zaɓi ranar wa'adi ne da gangan, don sun san kowa a firgice yake. Ta faɗaɗa unguwar Demsawo ta nuna fitila ɗaya da biro. Ta ce da ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya wani ya tsaya a ƙofar shagon nan daga wata ƙasa mai nisa, ya jira, ya jira, mabuɗi bai cika ba, ya tafi. Fitilar Edna fara ce tas.

Duk da haka taurin kaina bai sake ni ba. Na ce duk na ji, amma ni na san muryar ɗan ƙanwata, har fiton wushiryarsa na ji da kunnena. Chizaram ta yi murmushi ta miƙo mini wata 'yar makirufo, ta ce in yi magana ta rabin minti, kowace iri. Na gyara murya na karanto mata ƙa'idar jinsi a nahawun Hausa, tunda dai ba ta koya ba a lokacin da ya dace. Ta karɓa, ta rubuta wani abu a kwamfuta, ta danna.

Sai na ji an yi gyaran murya a cikin ɗakin, irin nawa, sannan ni Apollos na ce, "Jama'a ku matso, kifina ya fi na ƙanwata daɗi."

Ma'aikatan suka fashe da dariya, har Edna sai da ta dara. Ni ban yi dariya ba. Bakina a rufe yake, amma ga ni ina magana, da kaushin muryata, da yadda nake danne ƙarshen kalma. Na ji tsoro, kuma a cikin tsoron na ji wani irin girmamawa ga hannun da ya ƙera wannan abu. Mahaifiyarmu ta faɗo mini a rai, shekara ashirin ke nan da rasuwarta. Na san cewa da wani zai sami rabin minti na muryarta ya kira ni da ita, babu abin da zan hana shi, ko da na san ƙarya ce.

Chizaram ta ce muryar Abednego daga bidiyoyin tallarsa suka kwashe ta. Yadda suka san wayarsa za ta kasance a kashe kuwa, shi da kansa ya rubuta a shafinsa jiya cewa a taya shi da addu'a, zai wuni a ɗakin jarrabawa. Mai kiran wataƙila ko "sannu" bai sani ba. Rubutawa yake da Turanci, injin ya juya zuwa Hausa, ya sa wa maganar muryar yaron, shi ya sa ake ɗan jim kafin amsa. Na tambaye ta a ina injin ya koyi Hausa mai kyau haka.

"A littafi, Malam. Da jarida, da labarai na rediyo. Irin wanda ka koya mana ɗin nan." Ta ɗan sosa kai. "Hausa na Jimeta kam bai sani ba. Ba wanda ya taɓa rubuta shi."

Na nemi kujera na zauna. Shekara talatin da ɗaya ina addu'ar Allah ya ba ni ɗalibi ɗaya tak da zai riƙe ƙa'ida ba ya kuskure. Ga shi ya zo, ya gaishe ni da ladabi, na yi masa hawayen farin ciki, ashe ɓarawo ne. Kuma da bakina na miƙa masa huɗu daga cikin mabuɗai shida na shagon ƙanwata.

Rajistar da ta hana Edna barci mako uku ba ta ɗauki minti goma ba. Jami'in hukumar yana zaune a wani tebur a kusurwa. Ya dubi katinta, ya dubi fuskarta, ya ɗauki hoto, koren tambari ya fito kusa da sunanta saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika. Ya ce dokar ba ta taɓa cewa a karanta wa kowa lamba ta waya ba, kuma babu shagon da za a goge. Sun faɗa a rediyo sau ba adadi, amma mutane ranar wa'adin kawai suka ji. Da Chizaram ta gaya masa yadda Edna ta gane, sai ya ajiye bironsa ya ce ta maimaita. Ya kira abokin aikinsa shi ma ya ji. Chizaram ta ce daga gobe za su aika wa duk masu shago saƙo, kowane gida ya zaɓi wata magana tasa da baƙo ba zai sani ba. Edna ta rasa inda za ta sa kanta, ta ce ita dai wuta ta bari a gida.

Biyar da rabi muna bayan gida a Demsawo, ta farfaɗo da wutar tana juya kifi, sai wayar ta yi ƙara. Wannan karon sunan Abednego ne a jiki, da hotonsa. Na zaci za ta yi wuf ta ɗauka. Sai ta tsaya tana kallon wayar kamar mai kallon kwandon da aka ce akwai maciji a ciki. A nan na gane cewa ɓarayin ba su tafi hannu wofi ba. Sun bar uwa tana tsoron muryar ɗanta.

Na ɗauka na sa a sifika.

"Halo? Mama? Mama, kana ji na? Na ga ka kira ni sau tara. Waya na yana kashe ne, muna jarrabawa."

Edna ta toshe baki da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. Don in ba ta lokaci na ce kawunsa ne ke riƙe da wayar. Nan take yaron ya rikice, kamar ya hango ni a ƙofar aji.

"Kai, Kawu, yi haƙuri sa. Ina nufin, Mama, kin... kina..."

Na ga fuskar Edna ta ɗaure.

"Kada ka kuskura ka gyara," na ce. "Faɗi yadda ka saba."

Na san yana tunanin ko zafin Yola ya taɓa mini kai. Sannan a hankali ya ce, "Mama, kana lafiya?"

"Ina lafiya, yaro na," in ji ta. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ba ta damu da man kifin ba, ta shige ɗaki. Sun fi rabin awa suna magana. Ni na zauna ina juya mata kifi, na ƙona biyu.

Da ta fito ta zaɓi tarwaɗa mafi girma ta naɗe mini a takarda. Na ba ta haƙuri, abin da ban saba ba, ta ce ya wuce. Har na kai ƙofa sai ta kira ni. Ta tsaya tana kallona da wata sabuwar damuwa.

"Hamma, kai ne matsala yanzu. Yaro na in ya yi magana zan gane. Kai kuma Hausa naka da na inji ɗaya ne. In sun ɗauki murya naka, da me zan san kai ne?"

Duk abin da na yi shekaru ina gogewa daga bakina, shi ne abin da zai nuna mata cewa ni ɗan gidanmu ne. Ta ɗan yi tunani, sannan ta gaya mini abin da zan riƙa faɗa, ta sa na maimaita sau uku har sai da ya fita ba tare da na yamutsa fuska ba.

Shagonta yana nan, koren tambarinsa yana nan, jiya ma kwali shida ta kai tasha. Ni kuwa kowace safiya in na kira ta daga Bekaji, takan ɗauka ta yi shiru tana jira. Sai na gyara murya na ce, "Edna, ka kwana lafiya?" sannan take amsa mini.